Ba a Cinikin Biri a Sama: Sayen Gida a Bakin Rafi ga Mai Ƙananan Yara

Hausawa na cewa ba a cinikin biri a sama, kuma manufar maganar ita ce mai hankali ba ya zuba dukiyarsa a kan abin da bai zo hannu ba, wanda ba a juya shi an ga lafiyarsa da aibinsa ba, domin birin da ke kan reshe yana iya tsallakewa kafin a gama ƙirga kuɗinsa. Galibi ana kawo karin maganar a kan cinikin dabbar da ba a gani ba ko amfanin gonar da bai nuna ba, amma akwai wani ciniki da ya fi waɗannan dacewa da ita, wato sayen gida ko fili a bakin rafi lokacin rani, musamman ga magidancin da yake da yara ƙanana. Mai saye yana ganin katanga da ɗakuna da faɗin tsakar gida, har ya ɗauka ya ga komai, alhali maƙwabcin da zai fi shafar rayuwar iyalinsa, wato ruwa, ba ya nan a ranar da aka yi cinikin.

Wannan batu yana da nauyi a gundumar Ƙetare ta Ƙaramar Hukumar Ƙanƙara, da yankunan Faskari da Sabuwa a kudancin Jihar Katsina, saboda yanayin ƙasar da kanta. Yanki ne da ya fi arewacin jihar samun ruwan sama, ƙasarsa kuma tana kan dutse, ga tsaunuka nan da can, don haka idan aka yi ruwa mai ƙarfi ba ya tsayawa ya nutse gaba ɗaya, sai ya gangaro da sauri ya taru a kwaruruka. A tudun wannan yanki ne, kusa da Funtua, Gulbin Sakkwato ya samo tushe. Mafi yawan rafukan yankin na damina ne, ma'ana daga tsakiyar rani zuwa bazara ba a ganin komai a cikinsu sai yashi, inda mata ke tona ƴan ramuka su ɗebi ruwa, masu kura da tifa ke kwasar yashin gini, yara kuma ke buga ƙwallo. Wanda ya zo duba fili a watan Maris zai tsallake rafin da takalminsa ba tare da ya jiƙe ba, amma a watan Agusta, idan damina ta yi tsakiya, wannan wurin kan cika ya batse cikin sa'a ɗaya ko biyu, wani lokaci ma da ruwan da aka yi a wani gari can sama, ba tare da ko yayyafi ya sauka a unguwar ba.

Bai kamata a raina dalilan da ke jan mutane zuwa irin waɗannan filaye ba. Farashinsu ya fi sauƙi, rijiya ba ta yin nisa kafin a cim ma ruwa, ana samun sanyi lokacin zafi, kuma mai gida na iya dasa mangwaro da gwaiba ko ya yi ɗan lambun tumatir da albasa a bayan katanga. Ƙari a kan haka, shekarun rashin tsaro da yankin ya sha, waɗanda sace ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020 ya sa duniya ta ji labarinsu, sun koro iyalai da yawa daga ƙauyuka zuwa garuruwa, filayen tudu suka yi tsada, aka fara yanka fuloti a wuraren da kakanni suka bari don noma da kiwo. Magidancin da ya bar gonarsa da rumbunsa, ya zo gari yana biyan haya da kuɗin da ba shi da shi, ba kwaɗayi ne ya kai shi bakin rafi ba, kuma zarginsa ba adalci ba ne. Sai dai matsin da ya sa shi gaggawa shi ne kuma yake hana shi jiran damina ya gani da idonsa.

Abin da ake ji a bakin dillali kusan iri ɗaya ne a ko'ina: "Alhaji, ruwa bai taɓa zuwa nan ba." Mai yiwuwa ma gaskiya yake faɗa gwargwadon saninsa, domin babbar ambaliya ba kowace shekara take zuwa ba, tana iya yin shekara goma ko ashirin ba ta leƙo ba, shi kuwa la'adarsa, wato kason da yake samu idan ciniki ya faɗa, ba ta jiran wannan lissafi. Malaman fiƙihu suna kiran cinikin da aka jahilci wani muhimmin sashe nasa da suna garari, kuma littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, irin su Risala, sun hana shi, sun kuma hana mai sayarwa ɓoye aibin hajarsa. Gidan da ruwa ke shiga aibi gare shi, ko da an shafe alamar da sabon fenti. Alamun kuwa ba sa ɓuya ga mai lura: layin danshi a gindin katanga wanda ya kai gwiwa, filastar da ta kumbura tana zubowa, baƙar laka mai tsagewa a tsakar gida maimakon jan ƙasa ko jigawa, da tarkacen kara da leda da suka maƙale a rassan bishiyoyin gaɓa, waɗanda ke nuna iyakar inda ruwa ya taɓa kaiwa. Dattijon da ya shekara hamsin yana noma a wannan fadama ya fi takardar ciniki sanin tarihin wurin, kuma tambayar da ta kamata a yi masa ita ce: "Baba, a shekarar da ruwa ya fi yawa, ina ya tsaya?"

Jihar Katsina ta ga abin da wannan ke haifarwa. A tsakiyar watan Yuli na 2018, ruwan da aka kwana ana yi a Jibiya ya cika rafukan garin, ya afka wa unguwannin da ke kusa da su cikin dare, mutum sama da 40 suka rasu, ɗaruruwan gidaje suka rushe. A Mokwa ta Jihar Neja, ambaliyar ƙarshen watan Mayu na 2025 ta zo da asuba ta hallaka sama da mutum 150. A duka biyun ruwan ya samu mutane suna barci, kuma a irin wannan sa'a uwa mai goyo da yara uku ba ta da hannun da zai ɗauke su duka.

Amma ambaliya, duk da girmanta, ba ita ce haɗarin da ya fi kusa da yaro ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a ruwa a shekarar 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu nasu yara ne ƴan ƙasa da shekara biyar. Yawancin irin waɗannan yara ba a babban kogi suke mutuwa ba, a kududdufi ne, ko rijiyar da ba ta da murfi, ko ramin da aka haƙa don buga tubali ruwa ya cika shi, ƴan taku kaɗan daga ƙofar gida. Yaro mai tatata kansa yana da nauyi idan aka kwatanta da girman jikinsa, idan ya kifa cikin ruwan da bai wuce gwiwar babba ba ba ya iya tashi, ba ya kuma yin ihu, abin yana ƙarewa cikin mintuna ƙalilan, sau da yawa da hantsi lokacin da uwa ke kan murhu, uba na gona, an bar shi a hannun yayarsa ƴar shekara bakwai. A ƙasar Bangaladash, inda wannan masifa ta yi yawa, abin da aka ga ya rage ta shi ne tara ƙananan yara wuri guda a ƙarƙashin kulawar mace babba daga safe zuwa azahar, wanda ke nuna cewa matsalar tana cikin sa'o'in aikin yau da kullum.

Sai kuma cututtuka, waɗanda ba sa zuwa da hayaniya. Ruwan da ya kwanta bayan rafi ya janye shi ne maƙyanƙyasar sauro, zazzaɓin cizon sauro kuwa ƴan ƙasa da shekara biyar ya fi kashewa, shi ya sa ake bi gida-gida da damina ana ba su maganin rigakafi wata-wata. Tsargiya, wato fitsarin jini, tana shiga ta fatar yaron da ke wanka a ruwan da ƙananan dodon koɗi ke rayuwa a ciki, kuma har yanzu akwai masu ɗaukar ta alamar balaga ga yaro namiji, alhali cuta ce mai lalata mafitsara, wadda ake da maganinta a asibiti. Kusancin ruwan ƙasa da ya sauƙaƙa haƙa rijiya shi ne kuma ke sa ƙazantar shadda ta tsiyaya zuwa cikinta idan ƙasa ta jiƙe, daga nan gudawa ta shiga gida.

Tsarin zaman Hausawa na dā ya riga ya raba wannan gardama: gari a kan tudu, gona a fadama, ana sauka a yi aiki a hau a kwana. Wanda larura ta tilasta wa sayen gidan bakin rafi, mafi ƙarancin abin da ya wajaba a kansa shi ne ya jinkirta biyan kuɗi har ya ga wurin a watan Agusta bayan an kwana ana ruwa, ya sa mai unguwa da dattawan wurin cikin shaidun ciniki, ya juya ƙofar gida ta bai wa rafi baya da ƙyaure mai sakatar da hannun yaro ba ya kaiwa, ya ɗaga harsashin gini, ya rufe rijiya da murfi mai kwaɗo. Wanda kuwa yake da zaɓi, kuma akwai ɗan da bai kai shekara biyar ba a gidansa, ɗaki biyu a kan tudu sun fi masa ɗaki huɗu a gaɓar rafi, filin gaɓar kuma ya saye shi idan yana so, ya shuka rake da kayan miya.