Shinkafa Tsakanin Biki da Zakka a Ƙasar Rano

Al'ummomi da dama a nahiyar Asiya sun ware wa shinkafa ranaku na musamman, domin a wurinsu ita ce rayuwa kanta. A Jafan, ranar 23 ga Nuwamba, sarkin ƙasar kan miƙa sabuwar shinkafa ga abubuwan bautar addinin Shinto a bikin Niiname-sai, kuma daga 1948 aka mai da ranar hutun godiya ga ma'aikata. Tamilawan kudancin Indiya kan dafa sabuwar shinkafa da madara a tsakiyar Janairu, a bikin Pongal, su gode wa rana, yayin da manoman tsibirin Bali ke gina wa Dewi Sri, wadda suka ɗauka uwar shinkafa, ƙananan wuraren bauta a gefen gonakinsu.

Ƙasar Rano, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, wadda masarautarta ta ƙunshi Rano da Kibiya da Bunkure, ba ta da biki irin wannan, duk da cewa shinkafa ta sauya arzikin yankin tun bayan da gwamnatin Audu Baƙo ta gina madatsar ruwa ta Tiga, aka kammala a 1974, ruwanta ya riƙa bin magudanai zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure. Kalankuwa, wato shagalin da samari da 'yan mata ke yi bayan an kau da amfanin gona, murna ce ta kaka baki ɗaya, ba ta wani hatsi guda ba. Mai kallo daga nesa zai iya ɗaukar wannan a matsayin ƙarancin godiya, amma kuskure ne, domin tauhidi, wato kaɗaita Allah da bauta, ya raba tsakanin girmama ni'ima da bauta mata. Bahaushe yana girmama abinci, shi ya sa ake hana yaro taka tuwo ko barin ƙwaya a ƙasa, amma godiyarsa tana wuce ƙwayar zuwa ga Wanda ya tsirar da ita, kuma shari'a ta ba wa wannan godiya siffa da ma'auni, wato zakkar amfanin gona, wadda aya ta 141 a Suratul An'am ta ɗaure da ranar girbi.

A mazhabar Malikiyya, wadda malaman zaure na yankin ke karantarwa daga littattafan Risala da Muhtasar, shinkafa jinsi ce mai zaman kanta, ba a haɗa ta da gero ko dawa don cika nisabi, wato mafi ƙarancin abin da zakka ke wajaba a kansa. Nisabin shi ne wusƙi 5, kowane wusƙi sa'i 60, kowane sa'i kuwa mudun Annabi 4, kuma ana auna shinkafar da ɓawonta, tana shanshera, kafin a kai ta casa. Wanda ya noma ta da damina a fadamun Kibiya zai fitar da ushiri, ɗaya cikin goma, wanda kuwa ya ɗago ruwa da injin ban ruwa, ya sayi mai, zai fitar da rabin haka. Inda al'amarin ya fi jan hankali shi ne gonakin da ke shan ruwan Tiga, domin ruwan yana gangarowa ne da kansa ta magudanai, kuma Malikawa sun tafi a kan cewa ruwa mai gudana ushiri cikakke ne a kansa ko da manomi ya biya kuɗinsa.

Wannan tsari ya fi biki nauyi, domin biki yana tara mutane yini guda su watse, zakka kuwa tana cire buhu daga rumbun mai shi ta kai shi gidan marayu da gajiyayyu. Abin damuwar shi ne, tun da shinkafa ta koma hajar kasuwa, wadda dillalai ke saye tun tana masussuka, manoma da yawa sun fara kallonta kamar kuɗi, ba kamar dammunan gero da iyayensu ke ware na goma a gona kowa na gani ba. Dalar shinkafar da aka jera a Abuja a Janairun 2022 ta nuna yawan abin da aka noma, amma ba ta ce komai ba game da rabon wanda ba shi da ko kadada.

Akwai kuma wata matsala da ta cancanci malamai su zauna a kanta da gaske. A Malikiyya bashi ba ya sarayar da zakkar hatsi, alhali manomin rani na yau yakan shiga gona ne da rancen taki da maganin feshi da ladan 'yan ƙwadago, har wani lokaci abin da ya rage masa bayan biya bai kai ushirin da ake nema ba. Wasu malaman wannan zamani sun halatta cire irin wannan ɗawainiya kafin awo, wasu sun tsaya a kan maganar magabata, kuma ƙaramin manomi a Bunkure yana buƙatar amsa bayyananna kafin a ɗinke bakin buhu.