Ceto Ba Tare Da Sai Da Rai Ba

A watan Oktoba na 2024, cikin dare, kwale-kwale ya kife da mahalarta Maulidi kusa da Gbajibo, a ƙasar Mokwa. Masunta suka faɗa Kwara neman masu sauran numfashi. Tun 2016 kuwa aka gwada EMILY a tsibirin Lesbos na Girka, ɗan jirgin da babu kowa cikinsa, ana sarrafa shi daga gaɓa, mai nutsewa ya kama.

Mukan yabi masunci domin ya sai da ransa. Shin ceton na'ura ya gaza daraja ke nan? A ganinmu a'a. Jarumtar da muke yabo takan bar marayu. Sai dai ko injiniyoyinmu na nan Bosso sun ƙera irinsa, masuncin da ke gaɓa ne zai zaɓi wanda za a fara tura wa, sauran suna kiransa.