Hutun Haihuwa Ya Ƙare: A Hannun Wa Za Mu Bar Jariri?

  

'Yan'uwa, makon jiya bayan sallar La'asar wata baiwar Allah, malamar makaranta, ta tsayar da mu a ƙofar ɓangaren mata, da goyonta a baya. Ta ce, "Allah gafarta Malam, saura sati biyu in koma aiki. Gidan rainon da hankalina ya kwanta da shi, kuɗinsa ya kusa cinye rabin albashina. Wanda zan iya biya kuma, na leƙa na ga jarirai sun fi goma a hannun mace ɗaya. Na yi wa maigida magana, ya ce wannan harkar mata ce, in san yadda zan yi." Mun nemi izininta kafin mu kawo maganar nan, don mun san ba ita kaɗai ba ce.

Da a gida ne, Kano ko Sakkwato ko Katsina, da wuya a yi wannan tambayar. Akwai kaka, akwai goggo da inna, akwai matar wa da matar ƙane a tsakar gida ɗaya. Mai haihuwar fari ma gidan iyayenta take tafiya wankan gida. Amma mu nan Legas, ko a Agege kake ko Idi-Araba ko Mile 12, tsohuwa za ta zo ta yi wa mai jego wanka, a yi arba'in, ta ɗauki jakarta ta koma, don ita ma tana da nata gidan. Daga nan sai a bar miji da mata da jariri a ɗaki ciki da falo.

Hutun kansa ba ɗaya ba ne. Dokar ƙwadago ta ƙasa ta ba mace sati 12, shida kafin haihuwa, shida bayanta, kuma ta ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana in ta koma aiki. Ma'aikaciyar gwamnatin tarayya tana samun fiye da haka. Jihar Legas tun 2014 ta mayar da na ma'aikatanta mata wata shida a haihuwar fari da ta biyu. Mai aiki a makarantar kuɗi ko asibitin kuɗi ko kamfani, sau da yawa wata uku ne, wani lokaci ma sai an kai ruwa rana. Mai sayar da abinci a bakin kasuwa kuwa, ko mai ɗinki, ita ba wanda ya ba ta hutu; ranar da tukunya ta huta, ranar kuɗin cefane ya huta.

Mun san abin da wasu za su ce: to ta zauna a gida mana! Wallahi in da hali, babu hannun da ya kai na uwa, kuma wadda ta zaɓi ta zauna da ɗanta ta yi abin yabo. Sai dai mu riƙa faɗin gaskiya. Kuɗin haya a garin nan na shekara ake biya, kuma akwai gidajen da albashin uwargida ne yake cike giɓin. Akwai wadda mijinta ya rasu. Sannan mu ɗin nan, in matanmu suka je awo ko haihuwa, mu ne muke neman a haɗa su da likita mace da nas mace. In 'ya'yanmu mata suka shiga makaranta, malama muke so. To ita nas ɗin nan, ɗanta a wurin wa yake lokacin da take karɓar haihuwar matarka?

Yanzu mu koma ga kalmar maigidan nan, wai harkar mata ce. A duba aya ta 233 cikin Suratul Baƙara. A aya ɗaya Allah ya yi maganar shayarwa ta shekara biyu ga mai son cika ta, ya ɗora ci da tufatar da mai shayarwa a kan uba gwargwadon hali, ya hana a cutar da uwa saboda ɗanta ko uba saboda ɗansa, ya sanya yaye ya zama da yarda da shawarar su biyun, kuma ya halatta a nemo wa yaro wata mai shayarwa matuƙar an biya abin da aka yi alkawari. Aya ta 6 cikin Suratuɗ Ɗalaƙi ta sake kawo maganar lada da shawara. To ina "ba ruwana" ya shigo? Ciyar da yaro da abin da rainonsa yake bukata nauyin uba ne. In uwargida ta taimaka daga albashinta, alheri ta yi, a gode mata. Amma a ce ita za ta nemo wuri, ita za ta biya, ita za ta kai ta ɗauko, sannan in wani abu ya sami yaro ita za a zaga, wannan ba adalci ba ne.

Mu dubi fiyayyen halitta. Shi kansa hannun wasu ya bi: Suwaiba ta shayar da shi, Halimatus Sa'adiyya ta tafi da shi ƙauyen Banu Sa'ad, Ummu Aimana ta raine shi. Saboda haka ba da yaro raino ba abin kunya ba ne. Amma abin da muke so iyaye maza su riƙe shi ne labarin ɗansa Ibrahim, wanda Mariya ta haifa. An kai shi wurin wata mata, Ummu Saifi, a wajen gari ta ɓangaren Awali na Madina, mijinta maƙeri ne. Anas ɗan Malik ya ba da labari, yana cikin Sahihu Muslim, cewa Manzon Allah (S.A.W.) yakan taka da ƙafarsa har can, ya shiga gidan hayaƙin ƙira na tashi, ya ɗauki yaron ya sumbace shi, sannan ya dawo. Mutumin da al'umma gaba ɗaya take wuyansa, ga wahayi, ga baƙi, ga shari'a, amma ya sami lokacin zuwa ya ga inda ɗansa yake kwana. Kai Alhaji, da shago ɗaya ko rumfa biyu a kasuwa, ka taɓa ganin ƙofar gidan da ɗanka yake yini? Da buhun albasa ka ba wani ajiya, ai da ka leƙa sau uku kafin Azahar.

In an je, me za a duba? Malamanmu na Malikiyya, a babin raino, sun jera wanda ya fi cancanta: uwa, sai kaka ta wajen uwa, sai inna, har zuwa ƙasa. Sun kuma gindaya sharuɗɗa ga mai raino: hankali, iya ɗawainiya, amana, amincin wuri, da kuɓuta daga cuta mai yaɗuwa. Ko da yake a kan rabuwar aure suka fi kawo su, ma'auni ne mai kyau ga duk wanda za a miƙa wa yaro. A je ba tare da an sanar ba, da tsakar rana, lokacin da kowa ya gaji. A ƙirga jarirai, a ƙirga manya. A duba ruwan da ake wanke fida da shi, da inda janareta yake, don hayaƙinsa kisa yake ba sallama. A ga ko a rigingine ake kwantar da jarirai, don haka ma'aikatan lafiya suka ce a yi. A tambaya wa aka yarda ya zo ɗaukar yaro. In ka shiga ɗaki cike da jarirai ka ji tsit, kowa na barci lokaci ɗaya kullum, ko ɗanka yana dawowa a sanɗare ba ya ko neman nono, to ka tambaya me ake ba su. Ba mu ce a zargi kowa ba, amma ɗura wa jariri maganin mura don ya yi barci haɗari ne kuma cin amana ne. Wurin da ya ce ba a shiga sai an kira, a bar shi.

Kada kuma mu auna amana da yare. Akwai maƙwabtanmu Yarabawa da suka riƙe 'ya'yan Hausawa da tsoron Allah, akwai kuma 'yar garinku da za ta bar jariri a tabarma ta shiga waya. A yi magana a fili kan abin da yaro zai ci in ya fara cin abinci, shi ke nan. Wata shida na farko dai nono zalla ake so. In uwa ta tatsa ta bari, kada ya wuce awa huɗu a waje, a zafin garin nan ma gara a sa shi cikin firij ko kula mai ƙanƙara.

Sai babbar maganar, wadda muka san ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Hanyar da muka fi bi don ta fi araha ita ce a buga waya gida a ce, "A samo mana yarinya." Sai a ɗoro 'yar shekara tara ko goma a motar kaya ko ta shanu, a kawo ta. Ita ce goyo, ita ce wanki, ita ce wanke-wanke, ita ce ƙarshen kwanciya kuma farkon tashi. Ba boko, ba Islamiyya. Kuɗin aikin ma ba hannunta yake shiga ba, wata dillaliya ce take karɓa ta yanke nata. 'Yan'uwa, mu ji tsoron Allah. Wannan yarinyar ita ma 'yar wani ce, ita ma raino take bukata. Mun gyara rayuwar ɗanmu da rayuwar 'yar talaka. Kuma ko ta fuskar ɗan namu, ina hikimar? Yarinyar da ba ta san me za ta yi ba in jariri ya shaƙe ko jikinsa ya yi zafi ya fara shiɗewa, ita aka bar wa gida da risho da ruwan zafi tun safe har Magariba. In tsautsayi ya faɗa, sai a rufe ta da duka. Dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP take aiki da ita, ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida. Amma tun kafin doka, wa zai amsa tambayar Allah a kan karatunta da sallarta? Wanda yake da irin wannan yarinya a gidansa yau, ko ya mayar da ita ga iyayenta cikin mutunci, ko ya riƙe ta riƙon 'ya: ya sa ta makaranta tare da nasa, ya nemo babba don rainon jariri.

Babbar kuma a biya ta. Muna son amana irin ta uwa a kan kuɗin da bai kai na katin waya ba, sannan ƙarshen wata a ce mata "kasuwa ba ta yi ba, sai sati mai zuwa". Hadisi ya tabbata a Bukhari cewa wanda ya sa ɗan ƙwadago aiki, ya karɓi aikin cikakke ya hana shi lada, yana cikin mutum uku da Allah da kansa zai yi husuma da su ranar Alƙiyama. A yanke lada tun farko, a faɗi lokacin kawowa da na ɗauka. In cunkoson Oshodi ya riƙe ki har Isha, a san cewa lokacinta aka ci.

Wani abu da ake mantawa: in maƙwabciya mai goyo ce ta karɓi yaro, ya yi kuka ta ji tausayi ta ba shi nono, to a mazhabarmu ko sau ɗaya ne, in ya isa cikinsa yana cikin shekarun shayarwa, ya zama ɗanta, 'ya'yanta sun zama 'yan'uwansa, aure ya haramta a tsakaninsu. A nan kuwa yau kana Agege, baɗi ka koma Ibadan ko gida. A yi maganar tun farko, in ya faru a sanar da iyaye maza, a rubuta a ajiye.

To ina araha za ta fito? Daga cikinmu. Azuzuwan Islamiyyarmu a rufe suke tun safe har bayan Azahar. Muna da iyaye mata da suka yaye nasu, da waɗanda mazansu suka rasu, masu lafiya da haƙuri, waɗanda lada na halal zai rufa musu asiri. Muna da nas-nas cikin matanmu da za su iya koya musu taimakon gaggawa da tsafta. In gida biyar ko shida suka haɗa kuɗi kamar yadda muke adashi, nauyin zai yi sauƙi, ga shi wuri ne da uba zai leƙa duk lokacin da ya zo salla. Ba mu ce abu ne mai sauƙi ba: sai an gyara aji ɗaya, an sa raga a taga, an tanadi ruwa, an kuma je wurin hukuma an ji sharuɗɗan rajista, don ba za mu buɗe abin da mu ma muke kuka da irinsa ba.

Saboda haka kwamitin masallaci zai zauna ranar Lahadi bayan La'asar. Muna neman duk maigidan da matarsa take da ciki ko goyo ya zo da kansa, kada ya aiko. Iyaye mata masu sha'awar aikin raino su ba da sunansu wurin shugabar mata kafin ranar. Masu shaguna da za su iya ɗaukar nauyin siminti, fanka ko katifu, su ga ma'aji bayan salla. Ita kuma malamar da ta kawo kuka saura mata sati ɗaya yanzu. Duk wadda za ta iya riƙe mata yaro kafin a kammala wannan shiri, ta yi wa shugabar mata magana yau.

Allah ya raya mana zuriya, ya shirye su, ya ba masu jego lafiya. Amin.