Wa Zai Ƙirga Kuɗin Gyara?

Akwai wani labari cikin Littafin Sarakuna na biyu, sura 12, wanda ba mu cika karanta shi a sujada ba. Haikali ya tsufa, bango ya tsage. Sarki Yowash ya umarci firistoci su riƙa karɓar kuɗi daga hannun jama'a, su gyara ɗakin Allah. Jama'a suna bayarwa, firistoci suna karɓa, har aka kai shekara ta 23 ta sarautarsa, tsaguwar bango tana nan yadda ta ke. Littafin bai kira su ɓarayi ba. Kuɗin dai ya shiga, aikin kuwa bai fito ba. Sai Yehoyada ya ɗauki akwati, ya huda murfinsa, ya ajiye shi kusa da bagadi. In akwatin ya cika, magatakardan sarki da babban firist su kan zo tare, su ƙirga, su ƙulle cikin jakunkuna, su miƙa wa shugabannin aiki. Daga nan masassaƙa da magina suka sami lada, aka sayi katako da duwatsu.

'Yan'uwa, ƙasarmu ma tana da irin wannan kuɗin gyara. Tun 1981 Gwamnatin Nijeriya ta kafa asusu domin gyaran ƙasa, watau maganin zaizaya, da ambaliya, da fari, da hamada. An fara da kashi 1 cikin 100 na kuɗin Tarayya, daga baya aka ƙara. Ga kuma Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978, wadda ta sa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna, ya riƙe ta amana domin jama'a. Amana ce, ba gado ba. Tsarin Mulki na 1999 kuwa ya naɗa masu ƙirga: sashe na 88 ya ba Majalisar Tarayya iko ta bincika yadda a ke kashe kuɗin da ta yarda a kashe, sashe na 128 ya ba majalisun jihohi irin wannan iko. Abin da mu ke so mu auna ke nan: tambayar lissafi aikin kirki ne, ko kuwa rashin yarda ne da rashin kunya ga na gaba?

Mun ga kamar a kan kuɗin gyaran ƙasa tambayar ta fi wajaba bisa kowane kuɗi, gama shi ne ya fi sauƙin ci. In an ci kuɗin makaranta, iyaye suna ganin 'ya'yansu zaune a ƙasa. In an ci albashin ma'aikaci, yana da baki. Amma itacen da ba a dasa ba, wa zai kai ƙara dominsa? A kan ce an dasa, awaki sun cinye. Magudanar da ba a gina ba, a kan ce ruwa ya tafi da ita. Waɗanda a ka fi cuta kuwa ba a haife su ba tukuna. Mafi muni, sa'ad da ruwa ya zo ya rushe gidaje, kamar a 2022 da fiye da mutum 600 suka mutu a Nijeriya, sai babban mutum ya zo jaje da buhun shinkafa, ya ce ikon Allah ne. Hakika ruwa na Allah ne, shi ke aiko shi. Amma in an ba mutum kuɗin gina madatsa ya sa a aljihu, kana ya jingina ɓarnar ga Allah, ya ƙara zunubi bisa zunubi: ya yi sata, ya kuma ɗauki sunan Ubangiji a banza.

Kada a ce zato mu ke yi. Duk wanda ya bi ta Bukuru ko Barikin Ladi ya ga kududdufan da haƙar kuza ta bari, ramuka masu zurfi inda dā gonaki ne. A 2001 aka fitar wa Jihar Filato kuɗi daga wannan asusu, fiye da naira biliyan 1. Gwamnan lokacin, Joshua Dariye, 'yan sanda suka kama shi a London a 2004. Aka kai shi kotu a Abuja a 2007, shari'a ta yi ta ja har Yuni 2018, sa'an nan aka same shi da laifin karkatar da kuɗin, aka yanke masa shekara 14. Kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa 10, Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2021, a 2022 kuma aka yi masa afuwa. A lura da abu guda: ran da aka yanke hukuncin yana Sanata, yana zaune cikin majalisar da aikinta ne ta ƙirga irin wannan kuɗi. Daga fitar kuɗin zuwa hukunci shekara 17 ne. Yaron da aka haifa a bakin kududdufin nan ya isa aski gemu.

Mun san abin da wani mai karatu zai ce. Zai ce, ai cikin wannan sura ta 12 an faɗi cewa ba a nemi lissafi wurin shugabannin aikin ba, domin amintattu ne. Gaskiya ne, haka a ke rubuce. Amma a duba yaushe aka yarda da su. Bayan mutum biyu daga gida biyu, fada da haikali, sun ƙirga kuɗin a gaban juna, bayan kuma kowa yana ganin bango yana tashi da idonsa. Aikin da kansa ya zama lissafinsu. Manzo Bulus ma, wanda ba wanda ya isa ya ce masa ɓarawo, sa'ad da ya tara gudummawa domin matalautan Urushalima bai yarda ya ɗauke ta shi kaɗai ba. Ya tafi da 'yan'uwa waɗanda ekklesiyoyi suka zaɓa, don kada kowa ya sami abin zargi (2 Korintiyawa 8). Amintaccen ma'aji ya kan yi murna da mai duba littafi, gama shi ne ke wanke shi. Mun sani a cikin ekklesiyoyinmu, inda dattawa biyu su ke ƙirga baiko tare, gunaguni kaɗan ne.

Wani kuma zai ce, to, in mai ƙirgan shi ma kura ne fa? Wannan ita ce magana mai nauyi, ba mu kuwa da amsa mai daɗi. Farouk Lawan ya shugabanci kwamitin Majalisar Wakilai da ya binciki kuɗin tallafin man fetur a 2012, jama'a suka yaba masa ƙwarai, a 2021 kotu ta ɗaure shi saboda cin hanci cikin wannan binciken. Akwai kwamitin da ke kiran shugaban ma'aikata domin ya ji gaskiya, akwai kuma wanda ke kiransa domin a raba. Duk da haka ba mu ga hikima cikin fasa akwatin don magatakarda ya lalace ba. Magatakardan za a sake. Ikon sake shi kuwa yana hannunmu kowace shekara 4, in ba mu sayar da shi a kan gishiri da atamfa ba.

A nan ne abin ya taɓa masu bi. Sau da yawa in wanda a ke tuhuma ɗan kabilarmu ne, ko yana zama a bencin gaba ran Lahadi, ko ya taɓa sayen kwanon rufin majami'a, sai bakinmu ya mutu, mu ce maƙiya ne su ke bin sa. Yowash fa ba baƙo ya tsawata wa ba. Yehoyada ne, wanda matarsa ta ɓoye shi a cikin haikali yana jariri, wanda ya ɗora shi bisa gadon sarauta. Da ya ji kunyar mai renonsa, da haikali ya faɗi.

Haka batun gandun daji. Tsofaffinmu suna tuna zamanin En'e, lokacin da malamin daji ya kan kama mutum a kan itace guda. An yi zalunci a ciki, ba mu musu, amma dajin yana da mai tambaya. Da mai tambaya ya ɓace, wasu gandaye aka yanka su gonaki ga manya, wasu aka ƙone su gawayi, Rugu da Kamuku da Sambisa kuwa suka zama maɓoyar masu bindiga. Littafin Firistoci sura 25 ya koya mana ƙasa ta Allah ce, mu baƙi ne a cikinta, baƙo kuwa ba ya sayar da ɗakin da aka sauke shi.

Saboda haka in wakilinku ya zo gida, ku karɓe shi da ladabi, ku ba shi ruwa, kana ku tambaye shi: nawa jiharmu ta karɓa bara daga asusun gyaran ƙasa? Wane kwazazzabo aka toshe? Wa aka ba kwangila? Kai da kanka ka je ka gani? In ya yi ta kewaye-kewaye, akwai Dokar 'Yancin Samun Bayani ta 2011. Kowane ɗan ƙasa yana iya rubuta wa ma'aikatar Gwamnatin Tarayya takarda ya nemi lissafi, doka kuwa ta ba ta kwana 7 ta amsa. Sakataren ekklesiya ya iya rubuta irin wannan takarda, dattawa su sa hannu.