Ka Tuna da Wanda Ke Kurkuku

Karatu: Farawa 40:1-23, Luka 23:39-43

Ya ɗan'uwa mai karatu, sau nawa ka wuce gidan yarin Bawku ba tare da ka tambayi kanka su wane ne ke ciki ba? Akwai irinsa a Yendi da Salaga. A gidajen yarin ƙasarmu an kulle mutanen da ba su kashe kowa ba, ba su yi fashi ba. Laifinsu shi ne an kama su da ƙullin wiwi.

A ƙarƙashin dokar da gwamnatin PNDC ta kafa a 1990, wato doka ta 236, wanda aka samu da miyagun ƙwayoyi a hannunsa ba bisa ƙa'ida ba, hukuncinsa ba ya kasa shekara 10. Ko alƙali ya ji tausayinsa, ba shi da ikon ragewa. Saurayi ya shiga yana da shekara 20, ya fito iyayensa sun tsufa, gonarsa ta zama ta wani.

A 2020 majalisar dokokin Gana ta kafa sabuwar doka, ta 1019. Ta bambanta mai fatauci da mai sha. Wanda aka kama da ƙwaya don shan kansa, tara zai biya, wadda a lokacin ta kama daga sidi 2,400 zuwa 6,000. Wannan gyara ne mai kyau. Amma talakan da ya kasa biyan tarar, kurkuku zai tafi. Kuma sabuwar doka ba ta buɗe ƙofa da kanta ga wanda aka ɗaure da tsohuwa. Sai wani ya tuna da shi. Sashe na 72 na tsarin mulkin 1992 ya ba shugaban ƙasa ikon yin afuwa ko rage hukunci, bayan ya shawarci Majalisar Ƙasa.

Wataƙila ka ce, “Ai ƙwaya ta lalata mana yara. Don me za a sassauta?” Gaskiyarka. Uwar da ta ga ɗanta ya haukace saboda tiramol tana da dalilin fushi, Allah kuwa ba ya wasa da zunubi. Amma ka tambayi zuciyarka: don me ake hukunci? In don gyara ne, to, idan mutum ya gyaru a shekara 3, sauran 7 ɗin amfanin wa suke? In don ramuwa ce, mudun da aka auna masa ya dace da girman laifinsa? Adalcin da ya wuce awo ya zama zalunci.

Yusufu ya roƙi mai shayar da Fir'auna ya tuna da shi in ya fita. Mutumin ya koma aikinsa, ya manta da shi har shekara 2. Za ka ce Yusufu ba shi da laifi. Haka ne. To, dubi mai laifin da aka gicciye tare da Ubangiji Yesu. Da bakinsa ya amince hukuncinsa daidai ne, duk da haka ya yi roƙo iri ɗaya, cewa a tuna da shi. Yesu bai ce ya fara cika wasu shekaru ba. A ranar ya karɓe shi. Jinƙai ba ya musun laifi, amma ba ya yarda laifin ya zama ƙarshen labarin mutum. Da ni da kai, da wannan jinƙai muka tsira.

Saboda haka kada ka zama kamar mai shayarwar nan. Ka nemi izini ku ziyarci fursunoni tare da ikkilisiyarku, ku kai sabulu da abinci. Ku taimaki iyalin da tara ta fi ƙarfinsu. Ku yi wa ɗan majalisarku magana a kan masu tsohon hukunci. In an saki wani, ka ba shi wurin zama a sujada, ka koya masa sana'a.

Addu'a: Ya Uba, ka tuna da mu sa'ad da muke daurarru cikin zunubi. Ka ba shugabanninmu hikima su auna hukunci da adalci, ka ba mu zuciyar da ba ta manta da fursuna. Cikin sunan Yesu Almasihu, amin.