Kuɗin Raya Mazaɓa Ba Na Bikin Rabon Babura Ba Ne

Wata mummunar ɗabi'a tana ta yaɗuwa a siyasarmu har ta fara zama jiki: a ware kuɗin raya mazaɓa, sai a narkar da su a bikin "tallafi". A kafa rumfuna, a gayyato maroƙa, a jera babura da kekunan ɗinki da injinan markaɗe, a ɗauki hotuna a watsa a Facebook. Kafin wata ya zagayo wasu kayan sun koma kasuwa an karyar da su, matasan da suka gama jami'a suka yi bautar ƙasa kuwa suna nan a majalisar bakin titi da takardunsu a jaka.

Kuɗin ba na wasa ba ne. Shekara da shekaru ana ware naira biliyan 100 a kasafin tarayya domin ayyukan mazaɓu. A watan Nuwamban 2019, Shugaba Muhammadu Buhari ya faɗa a taron hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC cewa an kashe kusan naira tiriliyan 1 a kan waɗannan ayyuka cikin shekara 10 ba tare da talaka ya gani a ƙasa ba. A 2025 kuma ƙungiyar BudgIT ta ce ta gano ayyuka 11,122 na naira tiriliyan 6.93 da majalisar tarayya ta cusa a kasafin shekarar.

Me ya sa aka fi son "tallafi" da "horaswa"? Domin suna da wuyar bin diddigi. Ajin makaranta ko rijiyar burtsatse kowa zai iya zuwa ya ga an yi ko ba a yi ba. Horaswar kwana biyu a otal kuwa, daga takardar sunaye sai hoto, kuma ana iya ƙirƙirar duka biyun. Tun da ICPC ta fara bibiyar ayyukan mazaɓu a 2019 take kokawa cewa irin waɗannan shirye-shirye sun zama hanyar wawure kuɗi.

Babbar ɓarnar ita ce ana rabon ne ba tare da an binciki abin da garin yake bukata ba. Garin da asibitinsa ba shi da ma'aikacin jinya, makarantarsa ba ta da malamin lissafi, manomansa ba su da malamin gona, shi ake kai wa babura, alhali 'ya'yansa da suka karanci waɗannan fannoni suna zaune. Kada kuma a fake da alƙaluma. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin 100 a ƙarshen 2020. Da ta sauya ma'auni a 2023, ta ɗauki duk wanda ya yi aikin awa 1 a mako a matsayin mai aiki, adadin ya sauko zuwa 4.1. Ma'auni ne ya sauya, tukunyar gidan mai digiri tana nan yadda take.

Don haka muna jan kunnen 'yan majalisa: amana ce a hannunku, kuma akwai ranar hisabi. Kowace naira da aka kashe a kan rumfa da maroƙa, an tauye haƙƙin wani gari ne. Masu unguwanni da dagatai da limamai, ku daina halartar bikin da ba a faɗa muku nawa aka ware da abin da aka yi da shi ba. Malaman tattalin arziki na jami'o'inmu, ku fito da bincikenku daga ɗakin karatu, ku nuna wa kowace ƙaramar hukuma sana'o'in da za su ɗauki matasanta aiki mai ɗorewa.

Ku kuma matasa, kada ku yarda iliminku ya ƙare a yi wa ɗan siyasa kirari saboda kuɗin data. Kasafin kuɗi a buɗe yake, ku duba aikin da aka rubuta da sunan garinku, ku je ku gani da idonku. In babu shi, ku kai ƙara ICPC, ku kuma riƙe abin a rai har ranar zaɓe.