Haƙƙin Talaka a Gonar Masara da Waken Suya

Gonakin da suka rage mana a Mahuta, kusa da matatar mai, kullum tsukewa suke yi, gine-gine na cinye su. Shi ya sa na koma haɗa shuka: kunya biyu masara, kunya biyu waken suya. Dabarar tana da tushe. Tuge waken ka duba saiwarsa, za ka ga 'yan ƙulle-ƙulle. Fasa ɗaya da farce, cikinsa ja-ja ne. A nan ƙananan halittu ke kamo wa ƙasa, daga iska, sinadarin da muke saye a buhun yuriya. Masana a Samaru da IITA kuma sun nuna cewa waken yana rage wuta-wuta.

Abin da ke damuna shi ne zakka. A Risalar Ibn Abi Zaid, nisabin hatsi wusƙi biyar ne, wajen kilo 650, wato buhu shida da rabi. Dangin wake ana haɗa su da juna, amma ba a haɗa su da dawa ko gero, haka ma masara. To, ga mutum ya kwashe buhu biyar na masara da biyar na waken suya. Buhu goma ke nan a ɗaki, waken ma ya fi tsada, amma ba wanda ya kai nisabi. Maƙwabcinsa mai buhu bakwai na masara zalla, shi zai fitar da ushiri. Wa ya fi wani wadata?

Mai shanu kuwa yakan sare masarar tun ƙwayarta tana nono, ya daddatsa tare da ɗanyen waken, ya danne a rami, ya rufe da leda don abincin rani. Hatsi bai bushe ba balle a auna, alhali ƙasa ta bayar, ruwan Allah ne ya raya.

Ban raina hukuncin magabata ba. An sa nisabi ne don a sauƙaƙa wa ƙaramin manomi, kuma waken suya bai zo cikin jerinsu ba, don ba a noma shi a ƙasashensu a zamaninsu. Imam Abu Hanifa shi ya ga ushiri a kan duk abin da aka noma, kaɗan ko mai yawa, kuma aya ta 141 a Suratul An'am ta ɗaure haƙƙin amfanin gona da ranar girbi. Zuciyata can ta karkata. Ina fitar da ɗaya cikin goma na kowanne. In bai zama zakka ba, ya zama sadaka, bazawarar da ke kala a bayan masu girbi ba ta tambayar sunansa.

Malamanmu na Kaduna, Allah ya gafarta muku, ku zauna da malaman gona ku ba mu fatawa bayyananna kafin kaka ta zo.